Sikeli ya ruɗe mu, awon tsoka ne ya nuna mana gaskiyar jikin Yaya

Assalamu alaikum. Tun da daɗewa nake son rubuta wannan amma wanda ya taɓa jinya ya san ba a samun zama, sai yanzu da abubuwa suka ɗan lafa. Magana ce a kan wani sashe na asibitin da aka yi wa yayana maganin kansar maƙogwaro, sashen da ke auna abin da jiki ya ƙunsa, wato tsoka nawa ce, kitse nawa ne, ruwa nawa ne. Ba zan ambaci sunan asibitin ba saboda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma aikin da suke yi ake son mutane su sani, don duk inda kuka je ku nemi irinsa.

Yaya shekararsa 61, dogo ne sosai, mita 1.87, kuma mai jiki. Wata huɗu yana fama da dusashewar murya da zafin haɗiya kafin a gano abin da ke damunsa. Lokacin da aka gano kilonsa 92, wata shida kafin nan 99 ne, amma kasancewar da ma da tumbinsa babu wanda ya ɗaga hankali, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce ai Alhamdulillahi yana da jiki, zai jure maganin. Ni ma haka na ɗauka wallahi. Har lissafin BMI ɗinsa, wato gwada nauyin mutum da tsayinsa, 26 ya bayar, wanda a takarda ma cewa yake yi ƙiba ta ɗan yi masa yawa.

Da likitar kansa ta gama tsara mana yadda maganin zai kasance, gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, sau 35 cikin sati bakwai haɗe da kemo, sai ta rubuta mana takarda ta ce mu je sashen masu kula da abincin majinyata a yi masa awon jiki kafin a fara komai. Gaskiya na ji haushi a ranar, a raina na ce mutum ga ciwo a wuya ana ta aika mu awo kamar wanda zai shiga gasar dambe. To ashe wannan awon shi ne abin da ya fi komai buɗe mana ido.

Abu uku suka yi masa.

Na farko wata na'ura ce mai kama da sikeli amma tana da marikai guda biyu. Ya cire takalmi da safa da agogo, ya tsaya a kan farantan ƙarfe ya riƙe marikan, ko minti biyu ba a yi ba aka gama. Kafin ya hau sai da ma'aikaciyar ta tambaya har sau biyu ko an taɓa dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya, don masu ita ba a ɗora su. Ta yi mana bayani cewa ɗan lantarki ne kaɗan wanda ko jin sa ba a yi yake ratsa jiki, tsoka cike take da ruwa don haka lantarkin na wucewa ta cikinta da sauƙi, shi kuwa kitse tare shi yake yi, daga wannan bambancin na'urar ke ƙiyasta komai. Akwai wata lamba da ta fi mayar da hankali a kai, su suna ce mata fes angul, wata kusurwa ce da ke nuna lafiyar bangon ƙwayoyin jiki. Ta ce mai lafiya yawanci tsakanin digiri 5 zuwa 7 yake, ta Yaya 4.3 ta nuna.

Na biyu kuwa shi ya fi taɓa min zuciya. Wani ɗan ƙarfe ne ake ba mutum ya matse da hannu iya ƙarfinsa, sau uku kowane hannu a ɗauki mafi girma. Ma'aunin da ƙwararrun Turai suka fitar a 2019 ya ce namijin da ya kasa kai kilo 27 ko macen da ta kasa kai 16 to ƙarfin tsokarsa ya yi ƙasa. Yaya ya matse har jijiyar goshinsa ta tashi, 24 ya samu. Sai aka sa shi ya tashi daga kujera ya zauna sau biyar ba tare da ya dafa ba, ana so a gama cikin daƙiƙa 15, shi sai da ya kai 17 yana haki. Wannan fa mutumin da ya goye ni ina ƙarama, wanda duk kaya mai nauyi a gidanmu shi ake kira. Ya kalle ni ya ce Auta kin ga yadda na koma, na ce Yaya ai shi ya sa muka zo, amma da na fita waje sai da na yi kuka.

Na ukun shi ne ainihin abin da ya sa nake yabon sashen nan. Ba su ɗauki sabon hoto ba, ba a ƙara masa wani haske a jiki ba, hoton CT ɗin wuyansa da aka riga aka ɗauka don gano girman ciwon shi suka buɗe a kwamfuta, suka zaɓi yanki ɗaya daidai ƙashin wuya na uku wanda suke kira C3, suka bi tsokar da ke kewaye da ƙashin da kuma tsokoki biyun nan na gefen wuya suka shafa musu launi ja, kwamfuta ta lissafa faɗinsu. Likitan da ya yi aikin ya juyo mana da allon ya ce Hajiya duba nan, wannan jan shi ne tsoka, wannan baƙi-baƙin da ya ratsa cikinsa kuma kitse ne da ya shige ta. Ko ni da ban san komai a harkar ba na ga jan bai da yawa idan aka kwatanta da girman wuyan.

Da na tambaye shi me ya haɗa tsokar wuya da sauran jiki sai ya zauna ya ba ni labarin abin, kuma na ji daɗin hakan don ba kowane likita ke da wannan haƙurin ba. Ya ce asali a ƙashin baya na uku na wajen ƙugu ake yin awon, L3 kenan, domin faɗin tsokar wannan wurin yana tafiya da yawan tsokar jiki gaba ɗaya, kuma masu bincike a Kanada ne suka fito da amfaninsa a fili a 2008 lokacin da suka nuna cewa mai kansa zai iya zama mai ƙiba sosai amma tsokarsa ta zaizaye a ɓoye, kuma irin waɗannan sun fi shan wahala. Matsalar ita ce masu kansar kai da wuya ba kasafai ake ɗaukar musu hoton ciki ba, wuya kawai ake ɗauka. Sai a 2016 wasu likitoci a Utrecht ta ƙasar Holan suka nuna za a iya auna C3, a haɗa da shekarun mutum da nauyinsa da jinsinsa, a ƙiyasta abin da za a samu a L3. Daga nan sai a raba da tsayin mutum sau tsayinsa. Iyakar da aka fi amfani da ita a wannan hanyar 43.2 ce, ta Yaya ta fito 41.

Sunan abin sakofeniya, wato zaizayewar tsoka, kalma ce daga Girkanci da wani likitan Amurka Irwin Rosenberg ya ƙirƙiro a 1989, da can a kan tsofaffi ake maganarta amma yanzu ta shiga harkar kansa sosai.

To me ya sa ake damuwa da ita haka? Nan ne na fahimci abin da ban taɓa tunani ba. Maganin kemon da aka fi haɗawa da gashi a kansar wuya sisfilatin ne, kuma da tsayi da nauyi ake lissafa adadin da za a ba mutum, yawanci miligiram 100 a kowane murabba'in mita na faɗin jiki, duk bayan sati uku. Amma shi maganin ruwa yake bi, tsoka da sauran sassan jiki masu ruwa yake shiga, ba ya zama a kitse. Kenan mutum biyu masu kilo 92, ɗaya tsoka ce ta cika shi ɗaya kitse, za a ba su adadi ɗaya amma a jikin na biyun maganin ba shi da wurin bazuwa sosai, sai ya fi dukan ƙoda da kunne da jini. A binciken da mutanen Utrecht ɗin suka fitar a 2017, masu ƙarancin tsoka sun fi sauran fuskantar a rage musu kemo ko a jinkirta ko a dakatar saboda illa da kusan ninki uku. Kuma duk wanda ya zauna a ɗakin jira na kansa ya san katsewar magani a tsakiya ita ce abin da likitoci suka fi tsoro.

Akwai kuma wanda aka yi a cibiyar MD Anderson da ke Houston aka wallafa a 2016, a kan majinyata 190 masu kansar kai da wuya da aka yi wa gashi. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun zo da ƙarancin tsoka tun kafin a fara, bayan an gama kuwa adadin ya kusa kashi biyu cikin uku, kuma waɗanda tsokarsu ta zaizaye tsawon rayuwarsu bayan magani ya fi gajarta. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ramar da sikeli ke nunawa ita kaɗai ba ta nuna wanda zai fi daɗewa ba, tsokar ce ta nuna. Mu kuma wata shida muna kallon sikeli muna kwantar da hankali.

Yanzu bari in zo kan inda suka ɓata min rai, don ba zan ɓoye ba.

Ranar da sakamakon na'urar farko ya fito, wani matashin ma'aikaci ne ya miƙa wa Yaya takardar a hannu a kan baranda ya wuce abinsa, babu ko kalma ɗaya ta bayani. Takarda cike da lambobi da zane-zane, a ƙasa an rubuta da ja cewa yana cikin masu haɗari mai yawa. Yaya yana karatu, ya karanta, ya naɗe ya sa a aljihu, kwana biyu bai yi magana da kowa ba, abincin da yake iya haɗiya ma ya ajiye. Mutumin da aka auna don a taimaka masa ya ci sai ga shi awon ya hana shi ci. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, irin wannan takardar ba a miƙa ta a tsaye. Sai da muka koma wajen babbar likitar ta zaunar da shi ta ce Alhaji wannan lambar ba ranar mutuwar kowa ta rubuta ba, daga tarin mutane ɗaruruwa aka samo ta, tana cewa ne a cikin masu irin wannan tsokar an fi samun masu shan wahala, ba ta san kai ba. Ta ce matakin da ciwon ya kai, da wurin da yake, da ko wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ce ta jawo shi, da ko mutum ya bar taba, duk waɗannan suna da nauyi babba, kuma a cikinsu duka tsoka ce abin da har yanzu muke da hannu a kai. Wannan maganar ce ta dawo mana da shi.

Na biyu, ana cewa a zo ba a ci komai ba na wasu awanni kuma a yi fitsari kafin a hau na'urar don kada lissafi ya karkace, to na yarda, amma a ba mu ƙarfe tara sai a kira mu ƙarfe ɗaya saura, majinyacin da kowace loma ake lissafa masa ya wuni da yunwa a kan benci. Sau biyu aka yi mana haka. Ya kamata masu irin wannan larurar su zama na farko a layi. Sannan mutum ɗaya ne kacal a sashen ya iya karanta hoton C3 ɗin, sai da muka jira kwana tara, saura ƙiris a fara magani ba tare da sakamakon ba.

Amma fa abin da suka yi da sakamakon shi ya wanke su a wurina, domin awo ba tare da an yi aiki da shi ba tayar da hankali ne kawai. Mai kula da abincin ta rubuta masa abin da ake so ya samu kullum, kalori wajen 30 a kan kowane kilo na nauyinsa, furotin kuma giram 1.5 a kan kowane kilo, ta raba shi ƙanana-ƙanana sau shida a rana, ta haɗa da abin sha na asibiti mai kauri. Suka ba da shawarar a sa masa bututun ciyarwa ta ciki tun kafin a fara gashi, Yaya ya ƙi da farko, ya ce shi ba a kai shi can ba, sai da aka sake nuna masa hoton nan mai jan launi sannan ya amince. Aka haɗa shi da mai koyar da atisayen haɗiya don kada maƙogwaron ya sandare, aka ba shi wata roba mai talewa da zai riƙa ja da hannu da ƙafa, da tashi-zauna daga kujera safe da yamma. Likitocin kansa kuma da suka haɗa sakamakon da gwajin ƙoda da gwajin jin kunne, suka zaɓi ba shi sisfilatin kaɗan-kaɗan duk sati, miligiram 40 a kowane murabba'in mita, maimakon babban nan na sati uku. Wannan hukuncinsu ne su, kada wani ya karanta nan ya je yana yi wa likitansa gardama, kowane majinyaci da nasa lissafin.

Daga sati na uku na gashi abin ya fara tsanani. Baki da maƙogwaro suka yi gyambo, yawu ya yi kauri kamar danƙo, ɗanɗano ya tafi gaba ɗaya, ruwa ma sai ya runtse ido yake haɗiya. Wallahi ba don bututun nan ba ban san inda za mu sa kanmu ba. A sati na huɗu sikeli ya nuna ya ƙaru da kilo biyu, muka yi ta murna har na kira 'yan'uwa, da aka ɗora shi a na'urar sai ga shi ruwa ne ya taru, ƙafafunsa ma sun ɗan kumbura ba mu lura ba. Wannan karo na biyu kenan da sikeli ya ruɗe mu.

Ita ma na'urar lantarkin ba a rufe ido a bi ta. Akwai ranar da aka auna shi jim kaɗan bayan ƙarin ruwan da ake yi tare da kemo, sai ta nuna wai tsokarsa ta ƙaru da kilo ɗaya da rabi cikin sati ɗaya, mutumin da ko tsayuwa da ƙyar yake yi. Mai kula da abincin ta soke awon nan take ta ce ruwan da aka ƙara masa na'urar ta lissafa a matsayin tsoka, ta mayar da ranar awonsa kafin kemo, lokaci ɗaya kowane sati. Na yaba mata da wannan gaskiyar. Shi ya sa nake ganin hoton CT da matse hannu sun fi ta abin dogaro, ita amfaninta shi ne saurin maimaitawa a ga inda aka dosa. Shi kansa C3 ɗin ƙiyasi ne, idan ciwon ya ci tsokar gefen wuya ko an yi tiyata a wurin sai an yi dabara wajen awon, kuma iyakar 43.2 ɗin daga majinyatan Holan aka samo ta, jikin mutane kuwa ya bambanta daga wata al'umma zuwa wata, likitan da kansa ya faɗa mana kada mu riƙe ta kamar layin da aka ja da rula. Waɗannan sikelin na gida masu nuna kason kitse da tsoka kuma kada ku kwatanta su da wannan, yawancinsu ta ƙafa kawai suke aunawa, kuma babu mai fassara muku abin da suka nuna.

Wani abin da ban sani ba sai da muka shiga, abin rufe fuskar nan na roba da ake gasa shi daidai kan mutum da wuyansa don kada ya motsa lokacin gashi, idan mutum ya rame sosai sai ya yi masa yawa, hasken ya daina sauka daidai inda aka tsara, dole a sake ɗaukar hoto a sake tsari. Mun ga wanda hakan ta faru da shi a layinmu. Na Yaya ya zauna masa har ƙarshe, kilo huɗu kawai ya sauke a sati bakwai ɗin, kuma bai tsallake gashi ko ɗaya ba, kemo ɗaya ne aka ɗaga masa saboda jininsa ya yi ƙasa.

Ƙorafina na ƙarshe, da aka gama magani babu wanda ya ba mu ranar dawowa awo, kamar aikin sashen ya ƙare ranar gashi na 35, alhali watannin bayan nan ne tsoka ke ci gaba da tafiya don bakin bai warke ba. Ni na koma da kaina na nema aka sa mu.

Idan tauraro biyar ake bayarwa zan ba su huɗu, ɗayan na cire shi ne saboda takardar baranda da yunwar layi. Duk wanda aka ce ɗan'uwansa na da kansar baki ko harshe ko maƙogwaro, tun kafin a fara magani ku tambayi likita ko za a iya auna tsoka daga hoton wuyan da aka riga aka ɗauka, ku nemi a gwada ƙarfin hannu, ku nemi ganin mai kula da abinci a satin farko ba sai mutum ya kasa haɗiya ba, kuma ku ce a zaunar da ku a yi muku bayani kafin a miƙa wa majinyacin kowace takarda. Musamman idan mai jiki ne, don su ne ake wucewa ba a duba ba.

Wata uku kenan da gama gashin Yaya. Satin da ya wuce muka koma, ya matse ƙarfen nan ya samu 28, kusurwar ta hau 4.7, tashi-zauna kuma daƙiƙa 14. Bututun na nan tukuna, sun ce sai ya yi sati biyu yana cika lissafin abincinsa ta baki kafin a cire, robar atisayen kuma a ɗaure take a jikin gadonsa yana ja bayan ya tashi da safe. Hoton da zai nuna yadda ciwon ya amsa magani wata mai zuwa ne, kuma na riga na roƙi likitan ya sake auna mana C3 a kansa. Ku sa shi a addu'a don Allah.